Ranar da Na Ƙara wa Kaura Ƙiba

Gidan talabijin ɗin da nake wa aiki yana da wata farar mota da muke fita da ita idan za a ɗauki shiri a wajen gari. A cikinta akwai kujeru uku, da allunan kallo jere a bango, da wata na'ura mai maɓallai da yawa wadda ba ta kai tabarmar salla faɗi ba. Suwica muke kiranta. Duk kyamarorin da aka kafa a fili, wayoyinsu a jikinta suke ƙarewa, kuma wanda ya zauna a gabanta shi ke zaɓen hoton da zai tafi gidajen mutane. Ya danna ɗaya, a ga mai magana. Ya danna biyu, a ga taro.

Danna maɓalli kowa zai iya koya a mako guda. Aikin da ake yi kafin a kai ga dannawa shi ne mai wuya, kuma mai kallo ba ya ganinsa. Kowace kyamara da tsarin hotonta: faɗinsa da tsayinsa, yawan layukan da ke cikinsa, da adadin hotunan da take fitarwa a daƙiƙa ɗaya. Suwica ma tana da nata tsarin. Sai an zauna an daidaita kowace mashiga, wato ƙofar da wayar kyamara ke shiga suwica, da wannan tsari kafin a fara, in ba haka ba wata kyamarar ta ba ka baƙin allo, wata ta ba ka hoto mai rawa, wata kuma ta ba ka hoto mai kyau wanda ba gaskiya ba ne. Wannan na ƙarshen shi ne ya same ni.

Mai wannan aiki a gidanmu mace ce, ta ba hamsin baya, kowa Injiniya yake ce mata, har direba da mai gadi. Kakanninta daga Barno suka zo Kano fatauci suka zauna, amma in ta yi fushi har yanzu ana jin gabas a harshenta. Ba ta da yawan magana. A jakarta ta aiki, tare da sukundireba da ƙananan wayoyi, kullum akwai abu biyu da babu su a littafin kowace na'ura: farin ƙyalle wankakke, da faifai irin wanda ake rufe ƙwaryar fura da shi. Duk inda muka sauka, kafin a ce uffan, sai ta sa a riƙe faifan nan a gaban kowace kyamara, ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana cikin mota tana kallo. Idan ya fito a kewaye kamar yadda aka saƙa shi, ta wuce. Idan ya fito kamar ƙwai, babu mai motsi sai ta gano dalili. Matasan masu ɗaukar hoto suna yi mata dariya a bayan ido, suna cewa na'urar tana da nata zanen gwaji a ciki, me ya kawo faifai? Ta taɓa ba ɗayansu amsa a gabana. Ta ce zanen gwaji daga cikin na'ura yake fitowa, faifai kuwa ta ƙofar da hoton mutane zai bi yake shiga.

Ni mai gabatarwa ne, kuma ni ke shirya shirin manoma na mako-mako. An hore ni a kan kalma: kada ka ce «an kashe» in «ya rasu» ne, kada ka ce «dubbai» in ba ka ƙirga ba. Ina alfahari da wannan horon. Ban taɓa kawo wa raina cewa hoto ma yana iya ƙarin gishiri ba.

Da kaka ta wata shekara muka tafi wani ƙauye a gefen Zakirai. Ƙasa ce da babu saura a cikinta, gona na jingine da gona, iyaka kuwa layin gamba ne ko 'yan itatuwan lalle, sai gawo da ɗorawa jefi-jefi. Mun je ne wurin wani dattijo da aka san shi da irin dawa kaura da ya gada daga mahaifinsa. Duk shekara kafin a yi girbi yakan bi gonarsa kara-kara, ya zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure su daban ya rataye a cikin rumbu. Idan bazara ta yi, duk wanda ya zo neman iri sai ya ba shi, ba ya sayarwa. Abin da ya mallaka a duniya bai wuce gonaki biyu da jaki ba, amma daga nesa ake zuwa ƙofar gidansa, saboda an san abin da ya ce shi ne.

Injiniya ba ta je ba. 'Yarta ta haihu a ranar, aka ba ta hutu. Muka ga shirin naɗa za mu yi, ba kai tsaye ba, don haka na ce zan gabatar da buɗewa da rufewa, sauran kuma in zauna a gaban suwica da kaina. Na sha ganin ana yi.

Kyamarori uku muka kai. Biyu sababbi ne, masu faffaɗan hoto irin na talabijin ɗin bango, faɗi goma sha shida tsayi tara. Ta ukun tsohuwa ce ta kafaɗa, mai hoto irin na tsofaffin akwatuna, faɗi huɗu tsayi uku. Muna riƙe da ita ne don tana iya matsawa kusa da abu ƙwarai, har ka ga ƙwayar hatsi. Ita aka ba aikin ɗaukar hannun dattijon da zangarniya.

Da na kunna, hoton ta ukun ya fito a tsakiyar allo, da baƙi a dama da baƙi a hagu. Ya yi mini muni. Na shiga cikin saitin mashigarta na tarar da zaɓi uku: a bar shi yadda yake da baƙinsa, ko a matso da shi a yanke sama da ƙasa, ko a ja shi ta gefe ya cika allo. Na gwada na biyu, sai kan zangarniya ya yanke. Na gwada na uku, allo ya cika tam, babu abin da ya ɓace. Na ji daɗi. Na kuma ga launinta ya ɗan koɗe kusa da na sababbin, sai na murɗa na ƙara masa ƙarfi har ƙwayoyin suka yi jawur suna sheƙi. Da a ce kyamarar ta ɗauki fuskar mutum ko sau ɗaya a ranar, da na ga kumatu sun baje na farga. Hannu da dawa kaɗai ta ɗauka.

Shirin ya fita, aka yaba. Wani ya naɗi wurin zangarniyar a waya, ya yi ta yawo. Ni kuwa na manta.

Sai da bazara ta yi, rannan da hantsi, mai gadi ya leƙo ofis ya ce wani tsoho yana nemana. Na fita na tarar da dattijon zaune a benci, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, da wani abu naɗe a tsumma bisa cinyarsa. Muka gaisa. Na tambayi gida, na tambayi jaki, ya amsa duka. Sannan ya warware tsumman, ga zangarniya guda ta kaura.

Ya ce, «Malam, wannan ce ka ɗauka?»

Na ce irinta ce, Baba.

«Ba irinta na tambaye ka ba. Ita ce. Na ɗaura mata zare tun ranar. To ka duba ta da kyau, don an ce ba ita ba ce.»

A hankali ya ba ni labari, ba tare da ya ɗaga murya ba. Mutane sun zo neman iri fiye da kowace shekara. Cikinsu akwai wani Alhaji daga wajen Bici, manomi sosai, wanda ya taho a babur da hoton a wayarsa. Da aka fito masa da damin iri, ya duba dami ya duba waya, ya ce wannan ba ita ba ce, ta talabijin ta fi ƙiba ta fi ja. Dattijo ya ce ba shi da wata. Alhaji ya ajiye abin da aka ba shi a ƙofar gida ya hau babur. Ran kasuwar Zakirai kuma ya faɗa a rumfar masu hatsi cewa tsohon nan ko dai ya ɓoye mai kyan yana ba mutane ta ƙasan rumbu, ko kuwa aro ya yi ya nuna wa duniya. Maganar ta riga dattijon isa gida. Daga ranar masu zuwa suka ragu, waɗanda suka zo ma sai su karɓa suna juya zangarniyar suna kallonsa.

Ya ce, «Shekarata saba'in da wani abu, ba a taɓa ajiye mini kyautata a ƙofar gida ba. Ban zo faɗa ba. Na zo ne a gaya mini wace dawa kuka nuna.»

Na kai shi ɗakin na'urori, na nemo shirin. Injiniya tana ciki tana gyaran wata waya. Ta gaishe shi ta ba shi kujerarta. Da wurin zangarniyar ya zo, ba ta kai daƙiƙa biyar tana kallo ba ta ce in tsayar. Ta karɓi zangarniyar daga hannunsa, ta kara ta a jikin allo. Ta cikin allon ta yi kamar ta haɗiye ta hannun.

Ba ta kalle ni ba ta ce, «Kyamara ta uku. Ka ja ta.»

Na ce baƙin gefen ne ya yi muni.

«Ka san nawa ka ƙara mata? Kashi ɗaya cikin uku na faɗinta. Dubi yatsunsa, kamar na mai kumburi. Launin ma ka taɓa.» Sai ta juya wurin dattijon ta rage murya. «Baba, dawarka ce. Mu ne muka yi mata ƙarya, ba kai ba.»

Ya matso ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, «Wato na'ura ce ta ba ta taki.»

Ta yi dariya, abin da ba kasafai ake gani ba. Ya saurari harshenta ya ce, «Hajiya, kamar ina jin Barno a bakin nan.» Ta ce haka ne. Ya buga cinya ya ce, «Shi ke nan, na gane. Ni Bafillace ne tun kakanni. Dama ina za a ce Babarbariya na riƙe da na'ura, dawar Bafillace ta fito daidai?»

Ta ce, «Ranar ba na nan, Baba. Da ina nan da na rage mata ma, kada ka yi girman kai.»

Bayan mun sallame shi na faɗa mata shawarata. Mu koma mu sake ɗauka da sabuwar kyamara, a nuna dawar yadda take, magana ta mutu. Na faɗi haka ne don ba na son in tsaya a gaban jama'a in ce na yi kuskure, kuma ta sani.

Ta ce, «In ka nuna siririya yanzu ba bayani, me mutumin Bici zai ce? Zai ce kun gani, yau ya fito da ta gaskiyar. Ka ƙara tabbatar masa ke nan. Sai an ga biyun tare, a lokaci guda, daga hannu guda.»

Na ce ta yaya?

Ta ce wannan nata ne. Nawa shi ne in nemo Alhajin in kawo shi, kuma shirin ya zama kai tsaye. Maganar da aka yi a kasuwa, in ji ta, ba a janye ta a cikin ɗaki.

Neman Alhajin bai yi wuya ba, masu hatsi sun san shi. Shawo kansa ne ya ɗauke ni zuwa biyu. Ba mugun mutum ba ne. Ya yi tafiya mai nisa ne da zumuɗi, ya ga abin da ya ɗauka rainin wayo ne, kuma shaidarsa na aljihunsa. A ƙarshe ya ce zai zo, amma in aka yi masa dabo zai faɗa a gaban kowa.

Ranar Lahadi muka isa ƙauyen rana ba ta yi zafi ba. An share gonaki, tulin taki jere a kowace, ana jiran ruwan shuka. Muka tsayar da mota a ƙarƙashin wata tsamiya kusa da gidan dattijon. Shirin sai sha ɗaya, amma tun takwas Injiniya ta shiga mota. Na bi ta na zauna a kujerar baya, don a karon farko ina so in ga abin da take yi, ba in jira ta ce an gama ba.

Ta fara da ita suwicar. Ta duba tsarin da take kai, ta kira gidan talabijin ta tabbatar shi suke jira: layuka dubu da tamanin, hotuna ashirin da biyar a daƙiƙa. Ta ce mini wannan shi ake fara kafawa, kamar turken da ake ɗaure sauran, domin in ka canza shi daga baya na'urar sai ta mutu ta sake tashi, duk abin da ka saita ya zama sai ka sake bi. Daga nan ta bi kyamarori. Ta ɗaya ta dace. Ta biyu ta fito baƙi ƙirin. Ba ta taɓa waya ba, ba ta zargi kowa ba, ta dai tambayi mai riƙe da ita ko an ari kyamarar a makon. An ara, an kai ta wani biki, an mayar da ita hotuna talatin a daƙiƙa. Aka maido ta, hoto ya fito.

Sai ta uku. Ta shiga saitin mashigarta, ga zaɓina yana nan tun kaka, babu wanda ya taɓa, domin ba a sake fita da kyamarar ba. Ta nuna mini da yatsa. Ta mayar da shi, baƙi ya dawo dama da hagu. Ta mayar da launi inda masu ƙera na'urar suka ajiye shi. Daga nan ta yi abin da ban san ana yi ba. Ta raba wayar kyamarar gida biyu, ta shigar da reshe na biyun ta mashiga ta huɗu wadda babu kowa a kanta, ta kuma saita ta huɗun daidai yadda na yi da kaka: ta ja hoton, ta ƙara launi. Ta tambaye ni ko har nan na murɗa. Na ce ƙara kaɗan. Ta ƙara. Sannan ta gina akwati biyu a allo ɗaya, ta sa ta uku a dama, ta huɗu a hagu. Ta daɗe a nan, tana auna tsayin akwatunan har suka zo daidai, don kada wani ya ce an rage ɗaya ne ɗayar ta yi girma. Ta kuma matso da su tsakiya sosai. Na ce akwai fili a gefe. Ta nuna mini wani ɗan tsohon akwatin talabijin da take ajiyewa a ƙarƙashin tebur, ta ce yawancin waɗanda za su kalli shirin nan a irin wannan za su kalla, shi kuwa gefe yake yankewa. Abin da kake so a gani, ka ajiye shi inda kowane akwati zai kama.

Ta leƙa ta taga ta ce a kawo faifai. Aka riƙe shi a gaban ta uku. A dama ya fito faifai. A hagu ya fito kamar ƙwan zabuwa.

Saura abu biyu. Ta ce in fita in tsaya gaban kyamarar in tafa hannu sau ɗaya. Na tafa, ta ce in sake. Ashe sauya tsarin hoto yana ɗan jinkirta shi, sai sauti ya riga shi fita, baki ya saɓa da magana. Ta jinkirta sautin da ɗan abin da kunne ba zai iya ƙirgawa ba, na tafa na uku, ta ɗaga mini yatsa. Sannan aka riƙe farin ƙyallen a inuwar da dattijon zai zauna, kyamarori uku suka ɗauki fari iri ɗaya.

Na zaci an gama. Sai ta aika a kira dattijon. Ya hau motar da bismilla, yana dafa ƙofa, ya ce sanyin ciki ya yi kama da na randa. Ta sa aka riƙe zangarniya ɗaya a gaban kyamara a waje, ta ba shi wata a hannu, ta ce ya duba allon dama ya faɗa mata gaskiya.

Ya kara ta hannunsa a jikin allo, ya ja baya, ya matso. Ya ce, «Ƙibar ta yi. Amma wannan ta ɗan fi tawa ja. Tawa tana da ruwan ɗorawa a ciki.»

Na duba ban ga bambanci ba. Ita kuwa ta duba ma'aunin launi ta ce, «Ma'auni ya ce daidai ne.» Ta sake duban zangarniyar da ke hannunsa. «Amma kyamarar ta tsufa, tana karkata wajen ja. Kai ka fi ta sanin dawarka.» Ta taɓa wani abu kaɗan. Ya ce saura. Ta sake taɓawa. Ya ce, «Tsaya nan. Ita ce.»

Ta ce, «To Bafillace ya koya wa na'ura aiki.»

Ya ce, «Dama ku Barebari sai da makiyayi.»

Kafin sha ɗaya gindin tsamiya ya cika. Injiniya ta sa an fito da babban allo an jingine shi a jikin mota don mutanen wurin su ga abin da ke tafiya gidaje. Alhaji ya iso a babur, ya ƙi zama, ya tsaya ya harɗe hannu, wayarsa a tafinsa. Suka gaisa da dattijon gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba.

Na rubuta buɗewata tun a gida, na goge ta sau da yawa. Duk wadda na rubuta sai in tarar na sa «an samu kuskure» ko «na'ura ta yi». Wanda aka hora a kan kalma ya san abin da irin wannan jimla take ɓoyewa. Da fitilar kyamara ta kama, na yi sallama na ce: da kakar da ta wuce na nuna muku dawar wannan dattijo, ni ne na zauna a gaban na'ura, na ja hoton ya fi gaskiyarsa faɗi, na ƙara masa launi, shi bai sani ba, kuma yanzu za ku ga yadda na yi.

Dattijo ya ɗaga zangarniyar mai zare. Injiniya ta danna. Akwati biyu suka bayyana, hannu ɗaya, dawa ɗaya, a dama siririya mai ruwan ɗorawa, a hagu ƙatuwa jawur. Ya juya ta, biyun suka juya tare. Sai wata tsohuwa daga baya ta ce, «Ikon Allah.» Aka kawo faifai, aka ga ƙwai, aka fara dariya.

Alhaji ya matso ya duba wayarsa, ya duba akwatin hagu. Ya ce da ƙarfi, har makirufo ya kama, «Wa ya san abin da kuka shirya a cikin motar nan?»

Na waiwaya wajen motar. Sai na ji muryar Injiniya ta 'yar na'urar da ke maƙale a kunnena, a sanyaye: «Ce masa ya tsaya gaban ta uku.»

Na ce, «Alhaji, ko za ka taimaka ka tsaya nan?»

Ya tsaya, don ba zai iya ƙi a gaban mutane ba. Mai kyamara ya ɗaga ta zuwa fuskarsa. Alhaji mutum ne siriri mai dogon wuya. A dama ga shi yadda Allah ya yi shi. A hagu ga wani ƙaton attajiri mai kumatu, hularsa ta baje kamar akushi, fuskarsa ta yi ja. Gindin tsamiya ya fashe. Wani ya ce, «Alhaji, ina ka ɓoye wannan? Fito mana da na talabijin!» Wani ya ce a kai hoton gida, Hajiya za ta ce an canza mata miji. Alhaji ya ɗaga hannu, mutum biyu suka ɗaga a allo. Ya taɓa kumatunsa. Injiniya ba ta bar shi a allo ya daɗe ba. Da dariyar ta kai inda ta isa, ta ɗauke shi ta koma kan faffaɗan hoton taro, na kuwa lura da hakan, domin da ni ne, da na bar shi.

Alhaji ya sa wayar a aljihu. Sannan ya je gaban dattijon ya durƙusa, ya cire hula.

«Baba, na yi maka ƙazafi a kasuwa. Ka yafe mini. Ran kasuwa mai zuwa a rumfar da na faɗa zan janye.»

Dattijo ya ce, «Tashi, Alhaji. Abin da ka gani ka faɗa. Ni ma da na ga wancan mutumin na hagu, da na rantse ba kai ba ne.» Ya miƙa hannu baya, aka ba shi wani ɗan dami. «Ga ajiyarka da ka bari a ƙofar gida. Ban ba kowa ba. Ka yi sauri, gabas ta fara haɗa hadari.»

Alhaji ya karɓa da hannu biyu.

Sauran shirin a kan shuka muka yi shi: tazarar rami, ƙwaya nawa ake zubawa, da lokacin da kaura take son a yi mata noman farko. Duk lokacin da aka koma kyamara ta uku, baƙin nan yana dama da hagu, bai kuma dame ni ba. Kafin mu naɗe wayoyi mutane sun yi layi a ƙofar gidan, dattijon yana zaune bakin rumbu yana miƙawa.

Da muka zo tafiya ya aiko wa Injiniya da zangarniya biyu, ya ce ta shuka a bayan gida ta ga ko ƙasar Barebari za ta karɓa. Ta sa su a jaka kusa da faifan. A hanya, mun wuce Zakirai, ta goge mashiga ta huɗu ta mayar da ita fanko, ta rubuta a littafinta abin da ta canza a kyamara ta uku da dalilinsa. Sannan ta ce mini mako mai zuwa za ta je sunan wata jikar a Rijiyar Zaki, ni zan zauna a gaban suwica. Ta ciro faifan ta ɗora mini a cinya, ta ce in dawo mata da shi ranar Litinin.